Labule a Ramin Guguwa

Tun da na dawo ba a fita tara ko sau ɗaya ba ku zagaye ni ba. Wannan ta ce na ga ƙanƙara, waccan ta ce da gaske ne karnukansu na sa riga. Ni kuma kun san halina. In mutum uku suka zuba mini ido, magana maƙalewa take yi a wuyana, sai in ce "lafiya lau", ku kuma ku ce na fara girman kai tunda na hau jirgi. Shi ya sa na sayi wannan littafin na rubuta. Wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita, kuma don Allah kada a taɓa shi da hannun ƙosai.

Ban ga ƙanƙara ba. Kare mai riga na ga ɗaya. Abin da na fi gani rami ne.

Gwaggo Hadiza ƙanwar Babana ce, ita ce autar Kaka. Mijinta, Kawu Lawal, yana koyarwa a wata jami'a a jihar Oklahoma ta Amurka, can suke zaune shekara huɗu. Da ta samu cikin fari, kowa ya san gida za ta zo wanka. Sai likitansu ya ce ba za ta hau jirgi ba. Kaka ta ji labari ta ce to, tunda ɗiya ba ta iya zuwa gida, gida zai je wurinta. Kaka kuwa iyakarta Katsina, ba ta karatun boko, ana buƙatar wanda zai karanta mata alluna. Baba bai samu hutu a makarantar da yake koyarwa ba, takardu kuma suka fito da sunana da nata. Haka aka ɗauki wadda ta fi kowa rashin magana a gidanmu aka naɗa ta tafinta.

Ranar da muka je ɗauko ta a Tsaskiya, babur uku muka yi: ɗaya nata, ɗaya nawa, ɗaya na buhu. A buhun akwai garin gero, kanwa, tsamiya, kuka, daddawa, yaji, kilishi, da busasshen ganyen darbejiya na wankan jego. Ta so a ɗora babbar tukunya ma, Baba ya roƙe ta. Daga Tsaskiya har Safana ba ta bar mai babur ɗinta ya wuce na buhu ba, wai tana so idonta na kai. Muka kwana gida Batsari, da rana ta fito sosai muka shiga motar Katsina. Kun san yadda hanyar take. Duk motar da ta taho daga gaba sai direba ya rage gudu ya leƙa ya ce, "Ya hanya?" Kowa ya yi tsit har a ce "lafiya", sannan hira ta dawo.

A tashar Katsina Baba ya ja ni gefe. Shi ne ɗan farin Kaka, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma cika kallonsa ba, amma ba wanda ya san taurin kanta kamarsa.

Ya ce, "Nafisa, ba na son tsaraba. Tsohuwar nan za ki dawo mini da ita da ƙafarta. In ta kafe kan wani abu da zai cutar da ita, ki buɗe bakin nan naki."

Na ce to, a hankali.

"Kin ga irinta. Ban ji ba."

Na sake cewa to. Wannan shi ne aikin da aka ba ni, kuma har muka isa Kano ina jin nauyinsa kamar ni na ɗauko buhun.

Jirgi biyu muka hau, na biyun ya fi na farko tsawon zama. Kaka ba ta ji tsoro ba ko kaɗan. Abin da ya dame ta alƙibla ne, don duk sa'ad da ta tambaya sai in duba allon gaban kujera in ga jirgin ya sake juyawa. Abincin da aka kawo a ɗan faranti ta buɗe, ta duba, ta rufe da kyau ta miƙa wa ma'aikaciyar, ta ce in ce mata an gode, a ba yara. Butarta na cikin jakar hannu, ita ce ta cece mu duka biyu.

A bakin shiga ƙasar ne na ga kare mai riga. Ɗan ƙarami ne mai dogayen kunnuwa, yana bin jakunkuna yana sunsuna, ya zo gaban buhunmu ya zauna kamar an ce masa bismilla. Kaka ta tattare zanenta.

"Ki ce su ja shi. Zai sa mini najasa a kaya."

Ban ce ba. Aka kai mu wani tebur, wani jami'i mai safar hannu ya riƙa ciro ƙulli ɗaya ɗaya yana tambaya. Na amsa, ya ce in ƙara murya. Kilishi ya tafi. Ganyen darbejiya ya tafi. Kanwa ya daɗe yana juyawa, ya kira abokinsa, sai da na ɗanɗana a gabansu. Da ya kwance daddawa ya kai hanci, sai ya ja da baya, ya ɗaure ta da sauri ya mayar mana. Kaka ta ce, "Abin kirkin bai sani ba, ganye ya sani." Har muka fito tana tambaya da mi za a yi wa mai jego wanka, ni kuma ina tura amalanke.

Kawu Lawal na jiranmu a waje. Yana hango Kaka ya cire hula ya mayar, ya rasa yadda zai yi, sai ya durƙusa a tsakiyar mutane, taku biyar daga inda take, kansa a ƙasa. Turawa na ratsa shi da jakunkuna. Kaka ta juya fuska gefe ta ja mayafi.

"Ki ce masa mun same su lafiya."

Yana ji, amma sai da na faɗa. Ya ce, "Ki ce wa Inna sannu da hanya." Ita ma tana ji. A nan na gane cewa Turancin da aka kawo ni dominsa kaɗan ne. Yawancin tafintar daga Hausa zuwa Hausa zan yi ta.

Ku da kuka taso a Batsari ko Safana ba sai na yi muku bayanin kunyar suruki ba. Amma a gida akwai zaure, akwai katanga, akwai tsakar gida, mutum na iya shekara bai haɗa ido da uwar matarsa ba. Gidan Kawu Lawal kuwa wanda ya gina shi bai taɓa yin suruka ba. Kana buɗe ƙofa kana falo, falon shi ne madafa, madafar ita ce wurin cin abinci. Kaka ta ƙwanƙwasa bango da yatsa ta ji ya amsa kamar akwati, ta ce, "Kwali." Ta zaɓi kusurwa ɗaya jikin taga ta shimfiɗa darduma, nan ya zama wurinta. Kawu ya koma shiga gidansa ta gareji, wato ɗakin mota, yana yin gyaran murya tun daga nesa, abincinsa ma a mota yake ci in Kaka na falo. Gwaggo ta ce musu nan fa Amurka ce.

Kwananmu shida masu haƙa suka zo.

Kawu ya yi bayani ta bakina. Ya ce a ƙasar akwai wata irin guguwa da ke saukowa daga hadari a farkon damina, tana ɗauke gida ɗungurum, kuma tunda ga jariri na tafe, ya sa a yi musu mafaka a ƙarƙashin gareji. Kaka ta yi dariya har ta riƙe ciki. Guguwar da ta sani ita ce ta tsakar rana a bakin kasuwa, wadda ke ɗauke faifai da ledoji, a yi a'uzu billahi ta wuce.

"Ki tambaye shi, don faifai ake fasa daɓe mai kyau haka?"

Mutum uku ne, babbansu wani ƙato mai jan gemu da zane-zane a damtse. Suka ja layi a simintin gareji, suka yanka shi da inji mai ruwa kamar ana yanka alkaki, suka shigo da ɗan ƙaramin injin haƙa. Ƙasar da ta fito ja ce jawur irin ta gonar Kaka, wannan ne abu na farko da ta yaba a Amurka. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo, sai na ga dariyar ta ragu. Ramin dogo ne, siriri, kusurwa huɗu, an tara jar ƙasa a gefe. Ba sai an faɗa ba, ni ma abin da ya zo mini ke nan.

"Wanga ai kushewa ce," in ji ta. "Saura a duba alƙibla."

Duk da haka ba ta yarda a yi aiki a gidan ɗiyarta ba a ba ma'aikata komai ba. Ta dama kunun tsamiya ta ce in kai. Na tsaya da tire a bayansu kusan minti biyar kafin wani ya waiwayo. Mai jan gemu ya kurɓa, ya tsaya, ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara. Daga ranar Kaka ta ce shi kaɗai ne mai hankali a unguwar.

Suka sauke wani akwatin ƙarfe cikin ramin, suka zuba kankare ta kowane gefe don kada ruwa ya turo shi sama, suka sa murfi mai gungurawa a kan ƙafafu, daidai da daɓe, har mota na iya tsayawa a kai. Washegari an gama. Da suka tafi Kawu ya ce in sauka in gani. Matakala biyar ce. Benci biyu na kallon juna, da 'yan ramukan shan iska, da wasu ƙugiyoyi biyu a rufi, ɗaya a kowane bango, na rataye fitila. Ya ajiye ruwan gora, tocila, rediyo, takalma masu kauri da hular kwano. Sai wani ma'aikacin hukumar gari ya zo ya auna, ya rubuta lambar gidan. Kawu ya ce don in gida ya rufta kan murfin, masu ceto su san inda za su tona.

Na faɗa wa Kaka. Ta ce, "Madalla. Wato har hukuma ta san an binne ku." Sannan ta gyara zama a dardumarta. "Ki ce masa ya yi ƙoƙari. Amma ni ba ni shiga."

Akwai wata tsohuwa maƙwabciya, Kaka ta sa mata Mai Furanni. Ba sa jin yaren juna, amma kullum da hantsi sai sun gaisa ta kan shingen katako, kowacce da nata, su daɗe. Wata rana ta kawo hoto ta nuna mana: fili ne na siminti, fayau, da bahon wanka shi kaɗai a tsakiya. Ta ce gidanta na da ke nan, a wani gari, bayan guguwa ta bi ta kansa. Kaka ta riƙe hoton ta daɗe, ta ce Allah Ya kyauta, ta mayar. Na ɗauka ta sauko. Da yamma Gwaggo ta tayar da maganar, Kaka ta ce, "Na faɗa, ba ni shiga."

Sai Gwaggo ta haihu, mace, kowa ya manta da rami. Aka yi suna da mutum goma sha, ragon ya zo a yanke cikin kula, ba wanda ya ga fatarsa. Wankan jego aka yi shi a bahon banɗaki ba ganye, Kaka na yi tana tsine wa kare mai riga. Ranar da ta hura garwashi a ƙaramin kasko za ta gasa wa Gwaggo jiki, wani farin abu a rufi ya ji hayaƙi ya fashe da ihu, jaririya ta taya shi, Kawu ya shigo da gudu har ya kusa yin karo da Kaka, dukansu suka juya baya a lokaci guda. Ga shi kuma duk Asabar da tsakar rana wata jiniya ke kuka a gari gaba ɗaya. Gwajin gargaɗin guguwa ake yi. Kaka ta ce, "Ƙasar nan komai kuka yake. Tukunya ta yi kuka, ƙofa ta yi kuka, gari ya yi kuka, ba a ga kowa ya mutu ba."

Ni kuwa maganar Baba na nan a kaina. Kullum sai Kawu ya duba waya ya dubi sama. Ya sa na gaya wa Kaka kaurin ƙarfen, ya sa na gaya mata murfin na buɗewa ta ciki, ya ƙara fitila, ya sa fanka ƙarama. Duk don a cire mata tsoron kabari.

Daddawa ce ta tona asirin. Gwaggo ta hana a sa ta a firji don tana shiga madara, sai ƙullin ya ɓace daga madafa, amma miya ba ta fasa ƙamshi ba. Wata Talata bayan azahar, Kawu na wurin aiki, Gwaggo na barci, na fita gareji zubar da shara sai na ji warinta. Murfin ramin a buɗe. A bakinsa ga silifas ɗin Kaka, an jera su tsaf kamar a ƙofar ɗaki.

Na leƙa. Tana zaune a benci ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, ƙullin daddawa da na kuka a ƙarƙashin benci kusa da hular kwano.

Ta ɗago. "Ke 'yar shiru, ido kamar na mujiya. Mi kika gani?"

"Ba komai."

"Yauwa. Nan kaɗai ne a gidan nan ake jin ƙamshin ƙasa."

Na sauka na zauna a bencin da ke kallonta. Da ta tanƙwashe ƙafa ta ba ni wuri, sai gwiwata ta taɓa tata. Ni da ban kai Kawu Lawal tsawo ba. Na dubi gwiwoyinmu, ita ma ta duba, ta kawar da kai ta ci gaba da jan carbi. Ba kabari take tsoro ba. Matar da ta yi wa gawa wanka ba adadi a Tsaskiya. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta zauna gwiwa da gwiwa, numfashi da numfashi, da mijin ɗiyarta. Kuma ba za ta taɓa faɗa ba, don faɗarsa ma abin kunya ne.

Sau uku na buɗe baki zan gaya wa Gwaggo, sau uku na rufe. Yarinya kamata ta ina za ta fara?

Ranar Alhamis ce, jaririya na da kwana ashirin da uku. Tun safe iska ta yi nauyi, ba motsin ganye. Bayan la'asar sama ta koma wani launi kore kore kamar miyar kuka da ta kwana. Kawu ya dawo da wuri, ya fitar da mota daga kan murfin. Sai wayoyin gidan duka suka yi kuka tare, jiniyar gari ta ɗauka.

Kaka na kan darduma jikin taga. Ta ce, "Yau Asabar?"

"Alhamis ce, Kaka."

Gwaggo ta sauka da jaririya a ƙirji, Kawu na riƙe da hannunta. Ya dawo ya tsaya a ƙofar gareji, bai shigo falo ba, idonsa a ƙasa.

"Nafisa, ki ce wa Inna ta taho ta gefenmu, minti kaɗan ne."

Na faɗa.

"Ki ce masa ya shiga. Inda kwanana ya ƙare nan zan tsaya."

Ƙanƙarar ruwa ta fara dukan rufi kamar ana jifa da tsakuwa. To, ga ƙanƙararku nan, ashe na gani. Daga ƙasa Gwaggo na kira, "Inna, don Allah, don Annabi."

Kawu ya ce, "Ki ce wa Inna ta shiga ita da ku. Ni zan zauna a banɗaki, na ja katifa a kaina. Ana yi."

Sai na dube shi. Ashe ba ni kaɗai na sani ba. Duk bayanin kaurin ƙarfen nan da fitila da fanka, shi ma ya rasa ta inda zai fara ne.

Kaka ta amsa kafin in faɗa mata, amma bango take kallo. "Ki ce masa ba a mayar da ɗiyar kwana ashirin marainiya don tsohuwa. Ya shiga."

"Ki ce wa Inna ba zan iya zama a ƙasa tana sama ba."

"Ki ce masa na gode. Ya shiga."

Haka suka tsaya, taku biyar tsakaninsu, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa rai cikin ladabi, ni a tsakiya ina kai ina kawowa. Wutar gidan ta ɗauke. A waje na ga kwandon sharar Mai Furanni ya wuce a sama, a tsaye, kamar mai zuwa unguwa.

Zanen Kaka na wanka na rataye a bayan kujera, mai ruwan ƙasa da zanen ganga. Na fizge shi na ratsa Kawu na sauka. Na ce wa Gwaggo ta matsa kusa da matakala. Na taka benci, na ɗaura gefe ɗaya a ƙugiyar fitila, na ɗaura ɗayan a ta ɗaya bangon, ƙullin farko ya kwance na sake. Zanen ya sauko ya raba ramin: can ciki wurin mutum ɗaya, nan bakin matakala wurin uku. Na hau da gudu na tsaya a tsakiyar falo.

"Kaka, an yi ɗaki biyu. Na maza daban, na mata daban. Ki taso."

Ban san muryata na kai haka ba. Ita ma ba ta sani ba, don sai da ta waiwayo ta tabbatar ni ce. Ta miƙe, ba gaggawa, ta zo bakin ramin ta leƙa, tocilar Gwaggo na haska zanen.

"Zanena na wanka kika samu?"

"Shi ne kusa."

Ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. "Ki ce masa ya fara shiga."

Kawu ya sauka ya ɗaga zanen ya shige ya sake shi. Kaka ta tsaya ta cire silifas ta jera a bakin rami, sannan ta sauka. Ni ce ta ƙarshe. Daga bayan labule Kawu ya gaya mini yadda zan jawo murfin in sa sakata biyu, na yi.

Ƙarar ba zan iya kwatanta muku ita daidai ba. Ku ɗauka tireloli goma sun biyo ta kan rufin ajinmu, ba su wuce ba, sun tsaya suna ta wucewa. Kunnuwana suka toshe. Gwaggo na karanta duk abin da ya zo bakinta, jaririya kuwa barcinta take. Ramin duk warin daddawa, don an rufe mu da ƙullin Kaka, na ji Kawu na ƙoƙarin danne tari a ɗakinsa. Zanen bai kai ƙasa ba, ya rage kamar taƙi ɗaya. Ina ganin yatsun ƙafar Kawu a can, na Kaka a nan. Ya ja nasa baya. Ita ma ta ja nata.

Da ƙarar ta fara nisa, Kaka ta taɓa bangon ƙarfen da tafin hannu, kamar yadda ta ƙwanƙwasa na falo ranar da muka zo. Wannan bai amsa ba.

"Ke 'yar shiru."

"Na'am."

"Ki ce masa sannu da aiki."

Na juya wajen zanen na faɗa. Amsa ta zo daga bayansa.

"Ki ce wa Inna yauwa."

Guguwar ba ta bi ta kanmu sosai ba, layi uku ta kauce. Can ta kwashe rufin gidaje, a namu shinge kawai ta ɗauka. Mai Furanni ta fito daga nata ramin da kyanwa a hannu, suka gaisa da Kaka, ba shinge a tsakani. Da muka shiga falo, tagar kusurwa ta fashe, wani katakon shingen ya shigo ta ciki ya kafe a bango, taƙi biyu sama da darduma, daidai inda kan mai zaune yake kaiwa. Duk muka tsaya muna kallo. Kaka ta janye dardumar ta kakkaɓe gilashi.

"An ɓata mini wuri," in ji ta.

Da aka yi arba'in muka haɗa kaya. Na je zan kwance zanen, ta ce in bar shi, ƙila a sake haihuwa. Daddawar ma ta bar musu, Kawu ya ce in ce mata an gode.

Baba na jiranmu a tashar Katsina. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ta amsa tana kallon wata mota. Sannan ya dube ni.

"Kin buɗe bakin?"

"Sau ɗaya."

"Ya isa."

Na raka ta har Tsaskiya, babur biyu wannan karon. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata 'yan sannu da zuwa, labarin guguwa kuma ya riga mu isowa ta waya. Kaka ta ba su labarin kare mai riga, da gidan kwali, da mutanen da ke haƙa kushewarsu a ɗakin mota su sa mata fanka. Ana ta dariya, sai wata tsohuwar ƙawarta, wadda suke tsokanar juna tun suna 'yan mata, ta matso.

"To ni abin da na ji, wai rami guda aka cusa ku ke da surukinki, kamar ɓeraye."

Kaka ko gezau. Ta ɓare goro ta miƙa mata rabi.

"Wa ya faɗa miki? Shi yana ɗakinsa, ni ina ɗakina. Ga 'yar shiru nan, a gabanta aka yi."

Duk suka juyo suka zuba mini ido, mutum ya fi ashirin. Na sunkuyar da kai na ce haka ne. Ba wadda ta tambaye ni kaurin bangon.